Gwaggo a Goshin Jirgi

Gungun da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwa yanzu. In na faɗa wa jikokina haka sai su zaci salon magana ne irin na tsofaffi, alhali ba wani salo a ciki. Gidanmu da rumbunanmu da kukar bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, duk suna can ƙasan tafki, kifi na yawo a kansu. Gungu shi ne tsibirin da ke tsakiyar Kuwara, mu kuma mazaunansa ana ce mana Gungawa. Albasa da gero muke nomawa, da ɗan su idan gona ta yi sauƙi. Duk inda mutum zai je, kasuwa ko biki ko ta'aziyya, sai ya shiga jirgi.

Shekarar da aka samu mulkin kai ban wuce shekara takwas ba. Babana ya ƙetara da mu Wara kallon taro, na ga 'yan makaranta da ƙananan tutoci, na sha rake har haƙorana suka yi tsami. Amma abin da na riƙe a ranar shi ne dawowa. Muna barin gaɓa Baba ya matsa, ya zaunar da ni a gindin jirgi, ya miƙo mini filafili. Wanda ke gindin jirgi shi ne matuƙi, shi ke da jirgin da duk abin da ke ciki. Na kawo mu gida ina karkace-karkace, Baba yana gyara mini da tafin hannunsa a cikin ruwa. Daga ranar ba a ƙara raba ni da filafili ba, kuma ba yabon kai ba, a cikin sa'o'ina mata babu wadda ta kama ƙafata.

Sai aka kai ni Yelwa riƙo wajen ƙanwar Innata, na yi shekara biyu. Can na koyi Hausa mai kyau da ɗaurin ɗankwali da ladabin birni. Aka koya mini cewa yarinya ba ta gaida babba a tsaye ko a zaune, sai ta durƙusa har ƙasa, idonta a kan yatsun ƙafarta. An sha ja mini kunne a kan wannan har ya shiga jinina. Na dawo gungu ina da shekara goma sha uku, ina jin kaina, ina ganin 'yan'uwana duk ƙauyawa ne.

Ban yi wata guda da dawowa ba abin ya faru. Ranar kasuwa ce, an loda wa jirginmu albasa har baki, Inna na gaba ni ina tuƙi. Mun ɗan bar kwata ke nan sai ga dattijon da ke kula da jiragen gungunmu yana shigowa a nasa jirgin. A ruwa gaisuwa ba ta wuce ka ɗaga filafili ka ɗaga murya, kowane yaro ya san wannan. Ni kuwa sai ladabin Yelwa ya motsa. Na ajiye filafili, na miƙe, na juya gefen da yake, na kai gwiwa kan bakin jirgi. Ban ma gama cewa ina kwana ba na ji ni a cikin ruwa.

Wurin ba zurfi, ruwan iya ƙirji ne, ba wanda ya ji ciwo. Inna ta taso ba ɗankwali tana tari, albasar Baba ta shekara guda ta bazu a kan ruwa tana gangarawa kudu, mutane suna bin ta da ƙwarya da zannuwa. Kwata cike take da jama'a saboda kasuwa. Da aka ga muna da rai sai dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa a kan yashi. Dattijon nan ya share hawayen dariya ya ce, "Na amsa, ɗiyata. Amma gobe ki gaishe ni daga tudu."

Shi ya faɗa ya manta. Gari bai manta ba. Duk inda na gifta sai 'yan mata su durƙusa su karkace gefe guda kamar za su kife. Samari kuwa in sun hango ni sai su riƙe jiragensu da hannu biyu. Na daina zuwa kwata. Na daina ɗibar ruwa sai ta bayan gungu inda ƙaya take da sauro. Tafiyata ta canza, na riƙa sunkuyar da kai ina bin gindin danga. In aka tambaye ni abu, ko na san amsa sai in ce ban sani ba, don na riga na yanke wa kaina hukunci cewa duk abin da na taɓa sai ya kife. Na yi kusan shekara ban taɓa filafili ba. A gungu kuwa macen da ba ta tuƙi fursuna ce, ko gishiri take so sai ta roƙi mai ƙetarar da ita.

Iyayena sun yi iyakar yinsu. Baba ya karɓo mini rubutu wajen malam, kakata ta kai farar kaza gindin dutsen tsafin da take kai wa, na sha wannan na shafa wancan. Inna kuma kullum cikin lallashi take, wai ai ni gwana ce, wai kowa na kuskure. Ina jin ta, amma idan ta faɗi haka sai ta bi ni da wani kallo na tausayi, kallon nan ya fi dariyar kwata ƙona mini rai.

Gwaggo ba ta cikin masu lallashi. Matar yayan babana ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba 'yar gungu ba ce, daga ƙasar Kambari aka auro ta, can tudu wajen Ngaski, kuma har ta tsufa Gungancinta bai nuna ba, don haka da Hausa muke magana da ita. Gajeriya ce mai faɗin baya, ba ta da yawan fara'a, yara suna shakkarta. Sana'arta kai albasa da busasshen kifi kasuwar Wara. Ɗanta ne ke tuƙa ta, sai ga aikin dam ya buɗe a Kainji, samari suka yi ta kwarara can neman aikin lebura, shi ma ya bi su.

Wata safiya ina surfe a bayan ɗaki na ji ta shigo ta gaida Inna. Ba ta zauna ba.

"Ɗiyar ga nika so ta kai ni Wara gobe," in ji ta.

Inna ta ce, "Gwaggo, ga 'yan mata nan cike da gari. Wannan kin san abin da ya same ta."

"Na sani, ina kwata ran nan. Ita nika so."

Na fito da taɓarya a hannu na ce, "Gwaggo, ni ba na iyawa."

Ta dube ni sama da ƙasa kamar mai tayin akuya. "Ban tambaye ki ba. In rana ta hito ki iske ni bakin ruwa."

Na je, don ba a yi wa Gwaggo musu. Na iske ta gama lodi, ta shiga ta zauna can goshin jirgi, ta ba ni baya, ta jawo zani ta rufe kafaɗunta. Kwata da mutane, na ji an fara ƙus-ƙus, wata ta durƙusa ta karkace. Na tura jirgi na haye. Ina jiran Gwaggo ta juyo ta ce yi kaza, bar kaza, ko ta dube ni ta ga ko na zauna daidai. Ba ta juyo ba.

Tuƙin da na yi ran nan ko ɗan shekara shida ba zai yi shi ba. Na bar ruwa ya kwashe mu, na yi ta gyara ina wuce gona da iri, jirgi ya yi ta kai goshi hagu da dama. Sau biyu ruwa ya fantsamo ciki. Kuka nake yi a hankali, majina na zuba, ba hannun sharewa. Duk wannan bayan Gwaggo bai motsa ba. Muka sauka can ƙasa da kwatar Wara nesa, sai da na ɗauki gora na yi ta dungurawa ta gefen ciyawa kafin mu hauro. Da jirgi ya taɓa yashi ta sauka, ta gyara zaninta, ta ce, "Mun iso. Kama min kwandon ga."

Abin da ta faɗa ke nan. Na yini a kasuwa ina jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Da la'asar muka dawo haka, ita a gaba ni a baya. A kwata ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce kasuwa mai zuwa ma da safe.

Sai daga baya na gane abin da ya sauƙaƙa mini a jirgin Gwaggo. Ba ido a kaina. In na yi kuskure ni kaɗai na gani, ni kaɗai na gyara, kafin mu kai gaɓa ya zama ba a yi ba. A hankali hannuna ya tuna abin da ya sani. Na koma karanta ruwa, inda ya yi laushi da inda yake murɗawa, da yadda farin ruwan damina ya bambanta da baƙin ruwan da ke zuwa da sanyi. A ƙetarawa ta huɗu ko ta biyar muka yi kiciɓis da dattijon nan a tsakiyar kogi. Gwaggo ta ga shi sarai, kuma ita ce babba a jirginmu, ita ya kamata ta fara gaisuwa, amma ta yi gum. Jiragen suna ta matsowa. Da na ga ba makawa sai na ɗaga filafili sama na ce, "Baba, barka da ruwa." Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa. Ya ɗaga nasa ya amsa ya wuce, ko murmushi bai yi ba.

Tsokana ba ta ƙare a rana ɗaya ba, ni ce na daina gudunta. Wata rana wata 'yar maƙwabtanmu, wadda ta fi kowa iya kwaikwayona, ta durƙusa a gabana a kwata. Na tsaya na ce mata ta ƙara sunkuyawa, gwiwar hagu ake fara kaiwa, in za ta yi abu ta yi shi da kyau. Aka yi dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Na waiga in ga ko Gwaggo ta ji. Tana can tana ɗaure bakin buhu.

Nan ne kuma wata sabuwar damuwa ta kama ni. Kalma ɗaya nake so daga bakinta. Inna ta yabe ni, Baba ya yabe ni, har dattijon kwata ya ce wa Baba hannuna ya fi na maza da yawa, duk ban ji komai ba. Na Gwaggo nake so, ita da ta zauna a jirgina lokacin da ba mai yarda ya zauna. Sau ɗaya na kasa daurewa, muna sauke kaya na ce, "Gwaggo, yau tuƙin ya yi?"

"Albasa ta jiƙe?"

"A'a."

"To."

Na ji haushi ƙwarai, kuma ni tun ina yarinya in na ji haushi sai na yi abin da za a san na ji. Tsakanin gungunmu da Wara hanya biyu ce. Akwai ta kwance, wadda ake zagayawa ta bayan wani yashi, akwai kuma ta cikin duwatsu, inda ruwa ke matsewa ya yi gudu yana kumfa. Ta duwatsu ta fi kusa, amma magidanta ne ke bin ta, su ma ba da kaya mai nauyi ba. Na fara bi da mu ta nan. Jirgi ya riƙa tsalle yana shafar dutse, ni kuwa ina gindi ina murza filafili, idona a kan ƙeyarta, ina cewa a raina yau dai sai kin juyo, ko yabo ko zagi. Na ga ta dafe bakin jirgi da hannu biyu, shi ke nan. Mun fi shekara muna bin hanyar nan duk ranar kasuwa, ba ta taɓa cewa in canza ba.

Ana cikin haka maganar tashinmu daga gungu saboda dam ta ƙarfafa. Wasu ma'aikata suka zo da sanduna masu zane suna aune-aune, suna shafa fenti a jikin itatuwa. Suka ce in an toshe kogi ruwa zai haye kan kukar kwata. Tsofaffi suka yi dariya, don kukar nan ko ambaliyar da ta fi kowace girma ba ta taɓa wuce gindinta ba. Amma aka gina mana sabon gari a tudu, aka sa ranar tashi, kuma ranar ta zo.

Ni na ƙetarar da Gwaggo. Kayanta ba yawa, tukwane da tabarmi da turmi da akuya ɗaya da aka ɗaure wa ƙafafu. Kogi ya cika da jirage, wasu mata na kuka, kakata na ta yi wa dutsenta magana da Gunganci tana ba shi haƙuri. Ran nan ta kwance na bi saboda akuya. Ina tuƙi ina waiwayen rufin ɗakinmu har ya ɓace mini. Ina da shekara goma sha shida, kuma ban san cewa tuƙina na ƙarshe ke nan da ita ba.

Sabon garin na siminti ne, ɗakuna a jere kamar an yanka da wuƙa, da rana zafi, ga ƙasa mai tsakuwa wadda albasa ba ta so. Ruwa ya taso a hankali ya cinye yashi, ya cinye duwatsu, ya cinye gungu. Kogin da na sani ya zama wani abu mai faɗi wanda ba a hango ƙarshensa, in iska ta taso yana yin igiyar da ƙaramin jirgi ba ya iya mata. Kasuwa kuma yanzu da ƙafa ake zuwa. Gwaggo ta koma ɗaukar kwandonta a ka, ba ta bukatar matuƙi. Jirginta aka jawo shi tudu, ya tsage a rana, daga baya aka riƙa zuba wa awaki dusa a ciki.

Ni kuwa abin da na samu a jirgin nan ya bi ni tudu. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci ni ce mace ta farko da ta shiga, na zauna a gaba. Na yi aure a Yelwa, na kama sana'ar kifi, na yi ciniki da manyan dillalai ido cikin ido. Amma har na haifi 'ya'ya uku, in na tuna Gwaggo sai in ji ɗan ƙullin nan a raina, cewa ban taɓa burge ta ba.

Da aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani na hau mota na je. Na same ta da hantsi a kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame, faɗin bayan nan duk ya tafi. Daga inda take ana hango tafki yana ƙyalli. Na gaishe ta, na ba ta fura ta kurɓa kaɗan. Sai na ga in ban tambaya yau ba, ba ranar tambaya.

"Gwaggo, shekara biyu ina tuƙa ki, ko sau ɗaya ba ki juyo kin dube ni ba. Ko tuƙin nawa ne bai yi miki ba?"

Ta daɗe tana kallon ruwa. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ni ban iya iyo ba."

Na zaci ban ji daidai ba.

"Ban taɓa iyawa ba. Mu can tudu ina munka ga ruwa? Baffanki ya sani, ɗana ya sani, sai ke yau. Kunya ta hana ni hwaɗi, matar gungu guda ba ta iya ruwa. Duk ran da na shiga jirgi, tun daga kwata nika karanta abin da na iya har mu iso. In na juyo kinka ga huskata, ke da ke rawar hannu, ai mu duka mun kihe."

Na ce, "To me ya sa kika zaɓe ni, ni da na kifar da Inna a gaban kowa?"

"Sauran ɗiyan wasa sukai da ruwa, ba su taɓa shan shi ba. Ke kina tsoronai awa ni. Na ce wagga ba ta sake da ni." Ta ɗan yi tari, ta gyara kanta a kan matashi. "Sai dai hanyar duwatsun nan. Ita kam kin wahalshe ni."

"Ai da kin yi magana, Gwaggo."

"In na ce ki bari, sai ki ce ba ki iya ba. Kuma kin iya."

Ta rufe ido, barci ya ɗauke ta. Na zauna ina kore mata ƙuda da bakin mayafina, hawaye na zuba, ban san ko na daɗi ne ko na kunya ba. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Yanzu na girme ta a shekaru, kuma kewar gungu ba ta sake ni ba. Wani lokaci ina zaune sai in ji ƙamshin albasa ɗanya da jiƙaƙƙen katako, in rasa inda zan sa kaina. Da za a janye tafkin nan a mayar mini da kogin na yini ɗaya, ba gidanmu zan fara nema ba. Jirgi zan nema, in zaunar da Gwaggo a goshi, in zagaya da ita ta bayan yashi inda ruwa ya kwanta, a hankali, ko da kasuwa za ta watse kafin mu isa.